Waiwaye: Yadda Aka Gina Tarihin Ƙabilar Saiyan Daga Baya Zuwa Gaba

Lokacin da Akira Toriyama ya fara buga labarin zanensa Dragon Ball a mujallar Weekly Shonen Jump ta ƙasar Japan a shekarar 1984, babu wata ƙabila mai suna Saiyan a cikin labarin. Goku yaro ne mai jela da ke zaune a tsauni, an samo siffarsa daga Sarkin Birai na tsohon labarin ƙasar Sin. Sai a 1988 wani baƙo mai dogon gashi, Raditz, ya sauko daga sararin samaniya ya ce shi yayan Goku ne, kuma sunan Goku na yanka Kakarot. Tun daga nan kusan duk abin da aka sani game da ƙabilar daga baya aka riƙa ɗora shi, kuma wannan ne tushen yawancin gardamar masu kallo.

Sunan kansa wasa da harafi ne. A harshen Japan kayan lambu su ne "yasai", aka juya shi ya koma "saiya". Shi ya sa Kakarot ya fito daga karas, Nappa daga wani nau'in kabeji, Vegeta kuma daga kalmar Turanci ta kayan lambu gaba ɗaya.

Gwanintar Toriyama ita ce ya ɗauki tsofaffin abubuwa ya ba su dalili. Tun farko Goku kan rikiɗe ya zama ƙaton biri idan ya kalli wata ɗan daren sha huɗu, har ta haka ya tattake kakansa Gohan ba da saninsa ba. Da Vegeta, yariman ƙabilar, ya zo sai aka yi bayanin ƙa'idar: cikakken wata yana dawo da wani haske da ya haura ma'auni miliyan 17, ido ya sha shi, jela ta amsa, ƙarfi ya ninka sau 10. Hanya biyu ce ta tsayar da abin, a sare jelar ko a kawar da watan. Piccolo ya tarwatsa wata saboda Gohan ƙarami, ɗan Goku, Yajirobe kuma ya sare jelar Vegeta da takobi. Manyan mayaƙa suna riƙe hankalinsu a wannan siffa, ƙananan kuwa sai ɓarna. Jelar kuma lago ce, domin wanda bai horar da ita ba, da an damƙe ta jikinsa ke mutuwa, kamar yadda ya faru da Raditz.

Sai zamanin lissafi. Na'urar da suke maƙalawa a ido ta auna manomin da Raditz ya fara cin karo da shi a kan 5. An ƙiyasta Raditz 1,500, Nappa 4,000, Vegeta 18,000. A nan aka shigo da baiwar da ta fi kowace amfani ga marubuci: duk Saiyan ɗin da ya kai bakin mutuwa ya warke, ƙarfinsa na ƙaruwa. Vegeta ya bar Duniya jina-jina, ya tashi a 24,000. A duniyar Namek har sa Krillin, aminin Goku, ya yi ya huda shi da gangan don Dende, yaro mai baiwar warkarwa, ya warkar da shi. Matsalar ita ce lambobin sun gudu sun bar labarin. Da Frieza, azzalumin da Saiyan ke yi wa aiki, ya ce ƙarfinsa 530,000 ne tun bai rikiɗe ba, lissafin ya kusa zama wofi, kuma ba a daɗe ba aka jingine shi.

A 1991 Goku ya rikiɗe zuwa sabuwar siffa mai suna Super Saiyan, bayan Frieza ya kashe Krillin a gaban Goku. Littattafan bayani na hukuma sun ce ninki 50 ne, daga miliyan 3 zuwa miliyan 150. Gashin mai ruwan zinariya kuwa dalilinsa na aiki ne: Toriyama ya ce mataimakinsa na shan wahalar cike gashin Goku da baƙin tawada, sai aka bar wurin fari a takarda. Abin takaici, siffar da aka ce sau ɗaya ake samu a shekara dubu ta zama gama-gari cikin 'yan shekaru, har yara irin Goten ɗan Goku da Trunks ɗan Vegeta suna yin ta kamar wasa. Ya ɗauki lokaci kafin Toriyama ya kawo hujja a wata hira ta 2017, cewa akwai wasu ƙwayoyin halitta a jiki da ke yawaita ga mai sanyin zuciya, kuma ana gadonsu.

Halakar duniyarsu ma ta sha kwaskwarima. Raditz ya ce dutsen sama ne ya faɗa mata. Dodoria, yaron Frieza, ya tona cewa Frieza ne ya tarwatsa ta don tsoron yawansu da ƙarfinsu. A 2013 aka ƙara cewa da sa hannun Beerus, allan halaka na cikin labarin, aka kuma kawo wata sabuwar siffa mai jan gashi da ke buƙatar Saiyan biyar masu tsarkin zuciya su zuba ƙarfinsu a jikin na shida.

Sauyin da ya fi taɓa zuciyar labarin shi ne na iyayen Goku. Fim ɗin talabijin na 1990 ya nuna mahaifinsa Bardock a matsayin makashi mai taurin rai da ya tunkari Frieza shi kaɗai, kuma asalin bayanin shi ne an turo jaririn ne ya shafe mutanen Duniya, sai faɗuwa da buguwar kai suka sauya halinsa. A 2014 Toriyama ya zana wani gajeren babi ya fito da mahaifiyarsa Gine, mace mai tausayi da ta bar fagen daga ta koma aikin yankan nama. A wannan sigar, iyayen ne suka sato kumbo suka tsirar da ɗansu don sun hango abin da ke tafe. Sigar farko ta fi kaifi, domin a can nagartar Goku ta saɓa wa jininsa ne, a nan kuwa kamar gadon uwa ce. Sigar 2014 ɗin ce dai aka ɗauka a fim ɗin Broly na 2018, kuma a kanta tarihin yake har Toriyama ya rasu ranar 1 ga Maris, 2024, yana da shekara 68.