Wa ke da ikon cewa kiɗanka buluz ne? Ƙa'idar Grammy da mawaƙa 'yan asalin Amurka

Mawaƙi ɗan ƙabilar Navajo ko Cherokee, cikin ƙabilun da ke Amurka tun kafin zuwan Turawa, ya ɗauki jita, ya zura wuyan kwalba a ƙaramin yatsa yana jan sa a kan tsirkiya har ta yi kuka irin na masu kiɗan gonakin auduga na Mississippi. Wannan kiɗan shi ake kira buluz. Ya gama kundin waƙoƙinsa, yana son Grammy, lambar yabon mawaƙa ta Amurka, a rukunin buluz na gargajiya. Ina zai dosa?

Hukumar Recording Academy, mai shirya gasar, ba ta tambayar jinin kowa a wannan rukuni. Kunne ne alƙali. Dole kundin ya fita kasuwa a Amurka cikin shekarar da aka ƙayyade, ya kai waƙa biyar da minti 15, ko kuma minti 30 ko da waƙa nawa ne. Mafi yawan tsawonsa kuma ya zama sabon ɗauka, ba tsohon faifai aka kakkaɓe wa ƙura ba. Mambobin hukumar da kamfanonin waƙa masu rajista ne kaɗai ke shigar da kundi.

Daga nan ake shiga wuyar aiki. Kwamitin tantancewa ne ke saurara ya ce ga inda kundi ya dace, kuma kundi ɗaya ba ya zama a rukunin salo biyu. Idan mawaƙin ya tsaya a jita, fiyano da hamonika, salon yankin Delta na Mississippi ko na birnin Chicago, hanya a buɗe take. To amma in ya sa gangar taron ƙabilarsa, ya rera baituka da harshen kakanninsa fa? Kwamiti na iya cewa wannan ya fi kama da kiɗan yanki. Shi ke nan, an sauya masa layi.

Layin da za a kai shi kuwa cunkoso ne. Daga 2001 zuwa 2011 'yan asalin Amurka suna da rukuninsu na kansu. A 2011 aka zaftare rukunan gasar daga 109 zuwa 78, aka haɗe nasu da na Hawaii da na kiɗan Cajun da Zydeco na jihar Louisiana, aka ce su yi takara a kan kambu ɗaya. A garambawul ɗin ne ma aka haɗa buluz na gargajiya da na zamani, sai dai su an sake raba su a 2017. Na 'yan asali har yau shiru. A ganina nan ne ƙa'idar ta yi ɗingishi: ɗan asali mai waƙa da harshen Lakota da mai kiɗan rawa na New Orleans a Louisiana, da wane mudu za a auna su?

Mu ma mun ga irin wannan a kusa. Duniya na kiran kiɗan Bombino na Agadas buluz ɗin Sahara, amma da sunansa ya fito a Grammy ta 2019, a rukunin kiɗan duniya aka sa shi. A can ƙungiyar mawaƙan Tinariwen ta Mali ta ci a 2012.

Kanada, makwabciyar Amurka, ta bi wata hanya. A gasar waƙarta mai suna Juno akwai lambar 'yan asalin ƙasa tun 1994, an kuma raba ta gida biyu a 2022, ta gargajiya da ta zamani. Shiga wannan bai hana mutum neman ta buluz ba. Derek Miller, makaɗin jita daga yankin Six Nations, ta ƙofar 'yan asali ya ci a 2003 da 2008. Crystal Shawanda kuwa, 'yar Wiikwemkoong da ke tsibirin Manitoulin, ta buluz ɗin kanta ta ɗauka a 2021. Sharaɗin da ba a ɗagawa a can shi ne zama ɗan ƙasa ko mai izinin zaman dindindin. A kansa ne aka karɓe lambobin mawaƙiya Buffy Sainte-Marie a watan Maris na 2025, don ba 'yar ƙasar ba ce.