Shirin CRP na Amurka ba kuɗin zaman banza ba ne

An daɗe ana cewa gwamnatin Amurka na biyan manoma don su naɗe hannu su daina noma. Galibi shirin CRP ake nufi, wato shirin hutar da gonaki don kare ƙasa daga lalacewa, wanda dokar noma ta 1985 ta kafa, amma maganar ba haka take ba.

Haya gwamnati ke yi. Mai gona zai sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, ya janye fili daga noma, yawanci mai saurin zaizaya ko na bakin rafi, ya shuka masa ciyawa mai ɗorewa ko itatuwa. Gwamnati na ɗaukar har rabin kuɗin shukar, sauran daga aljihunsa. Kuma galibi sai filin da aka noma shekara 4 cikin 6 da doka ta ware, don haka fakon da aka daɗe da yasarwa ba ya shiga.

Kuɗin hayar ma ba garaɓasa ba ne. Ana lissafa shi da ƙarfin ƙasar filin da matsakaicin kuɗin hayar gona a gundumar, kuma dokar 2018 ta taƙaita shi zuwa kashi 85 cikin 100 na wannan matsakaicin a babban rukunin shirin. Shi ya sa gona mai albarka ba kasafai take shiga ba, noma ta ya fi riba.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne kulawa. Ciyawar asali tana jinkirin kama ƙasa, muguwar ciyawa kuwa ba ta jira, kuma kawar da ita wajibi ne. Yankan ciyawa lokacin da tsuntsaye ke sheƙa akwai takunkumi a kansa. Wanda ya karya yarjejeniya zai mayar da kuɗin da ya karɓa, haɗe da kuɗin ruwa da na tara.