Nutso da barkonon Tailan a tsibirin Koh Tao: amsa ɗaya ga masu tambaya

Tun da na dawo daga Koh Tao tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Ga amsoshin a wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake turo min saƙo.

Ban iya iyo ba, zan iya nutso?

Je ka koyi iyo tukuna. Kafin a ba ka takardar matakin farko ta PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso, sai ka yi iyon mita 200, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10. Kwas ɗin kwana 3 zuwa 4 ne, iyakarka zurfin mita 18.

Wane jirgin sama ke sauka can?

Babu filin jirgi a tsibirin. Daga Bankok ka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Chumphon, ko ka tashi zuwa Koh Samui, sannan jirgin ruwa ya sauke ka a Mae Haad, tashar jiragen ruwan Koh Tao.

Mu da muka tashi da attaruhu, yajinsu zai ba mu tsoro?

Wannan cika bakin ya ishe ni. Ɗan ƙaramin barkononsu, prik kee noo, ɗanye ake daka shi cikin som tam, wato kwaɗon ɗanyar gwanda da lemun tsami, kuma girkin kudancin Tailan ya fi na Bankok zafi. Ka ce "phet nit noi", ma'ana yaji kaɗan, ko "mai phet", ban da yaji. Kada ka gwada jarumta daren da za ka wayi gari cikin kwale-kwale. Ciwon ciki a cikin rigar nutso wahala ce ta gaske.

To abincin halal ne?

Nan ne ba zan ba ka amsa a gajarce ba. Kudancin Tailan na da Musulmi da yawa, har akwai girke-girken da suka samo asali daga wajen Musulmi, kamar miyar massaman da khao mok gai, shinkafa da kaza mai kama da biryani. Amma Koh Tao ƙaramin wuri ne, murabba'in kilomita 21 ko kusa da haka, kuma galibin gidajen abincinsa don Turawa masu yawon buɗe ido aka buɗe su. Alade kuwa abincin yau da kullum ne a ƙasar. Sunansa "moo", don haka ka haddace "mai sai moo", kada a sa alade. Sai dai wannan kalmar ba ta warware komai ba: romon taliya sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi, kaskon suyar ma ɗaya ne, kazar kuma ba ka san wanda ya yanka ba. Ni abin da na yi, inda na ga alamar halal ko mai sayarwa Musulma na ci nama, sauran wurare na tsaya kan gasasshen kifi, jatan lande da farar shinkafa. A mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, saboda haka ruwan kifin da suke sa wa kusan kowace miya bai dame ni ba. Wani zai ga ko hakan bai kwanta masa ba saboda kaskon, kuma ba zan ce ya yi tsanani ba. In kai ne wannan, ka kama masauki mai ɗakin girki, ka tambayi malaminka tun kana gida. Yunwa dai ba za ta kashe ka ba, kwantar da hankalinka.

Zan ga babban kifin nan, whale shark?

Wataƙila. Yakan bayyana a wuraren nutso na Chumphon Pinnacle da Sail Rock, amma ba mai yi maka alkawari. In ka gan shi, kada ka taɓa.

Zan iya nutso da safe in hau jirgin sama da yamma?

A'a! Iskar naitirojin da jikinka ya tara tana buƙatar lokaci ta fita, in ba haka ba ta yi kumfa a jini da gaɓoɓi. Bayan nutso fiye da ɗaya ka jira aƙalla awa 18. Ni awa 24 nake jira. Mai mura ma ya haƙura, kunnensa ba zai jure matsin ruwa ba.

Biza fa?

Mai fasfon Najeriya sai da biza, da takardar wankewa ta NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da katin rigakafin shawara. Ka fara nema da wuri, kuma kada ka sa tafiyar a Nuwamba, lokacin ruwan sama da igiyar ruwa ne a wannan ɓangaren.