Kwaɗon salak da 'ya'yan itace a arewacin Kamaru

Kwaɗon salak da 'ya'yan itace abinci ne da ba ya hawa wuta: ganyen salak, tumatir, gurji da albasa, a haɗa da abin da kasuwa ta kawo na marmari, a zuba mai da tsami. An fi cin sa a Garwa da Marwa lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ilin da zafi kan haura digiri 40. Idan azumi ya faɗo a wannan tsakani, da wuya a rasa shi a faifan buɗe baki.

Tushensa biyu ne. Akwai kwaɗon gargajiya na zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, akwai kuma haɗin mai da binega da aka koya daga girkin Faransawa. Matan gari sun ɗauki na nan da na can, shi ya sa a kwano ɗaya za a ga mangwaro da garin ƙuli-ƙuli.

Ganye da tumatir daga lambunan rani suke fitowa, irin na bakin kogin Binuwai a Garwa. Albasa kuwa ta yankin Marwa ce ta yi suna. Mangwaro na nuna a tsakiyar zafin, kankana da gwanda ma ba sa wuya. Fiya da abarba yawanci daga kudu ake kawo su, ta mota ko ta jirgin ƙasa da ya iso Ngaundere tun 1974.

A wajen haɗin ake gane gwana. Ƙa'idar da aka saba ita ce cokali uku na mai, ɗaya na ruwan lemun tsami, amma idan mangwaron ya nuna luguf, ƙarin tsami ya fi daɗi. Man gyaɗa ya fi ƙamshi. Wasu na amfani da man auduga na Diamaor da kamfanin Sodecoton ke tacewa, don ba ya danne ɗanɗanon 'ya'yan itacen. Ana fara narkar da gishiri cikin ruwan lemun, domin ba ya narkewa a mai, sannan a riƙa ɗiga man ana kaɗawa har ya yi kauri. Ɗan zumar Adamawa, tafarnuwa da masoro sun wadatar. Mai da tsami ba sa daɗewa a haɗe, don haka a sake kaɗawa kafin a zuba.

Kuma ba a zubawa sai za a ci. Gishiri na janye ruwan ganye da na kankana, kafin a ankara salak ya yi laushi, ƙasan kwano ya zama tafki. Fiya da ayaba su ake yankawa ƙarshe, a shafa musu lemun tsami kada su yi baƙi. Masu sa kindirmo maimakon mai su kula: ɗanyar abarba ko gwanda kan sa nono ya yi ɗaci idan ya jima.

Tunda yankin ya sha fama da kwalara, ana ware ganyen ɗaya bayan ɗaya a wanke da ruwa mai tsabta, a tsane shi a kwando. Abin da aka yanka kuma ba ya kwana sai a firiji.