Karatu Yana Ƙara wa Kirista Bangaskiya?

Ba Ruhu Mai Tsarki ne ke koyar da mu ba? To, me ya kawo wahalar karatu?

Shi ne, ko shakka babu. Amma a duba labarin mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8. Yana cikin karusarsa yana karanta littafin Ishaya, sai Ruhu ya tura masa Filibus. Abin da Filibus ya fara tambayarsa shi ne ko yana gane abin da yake karantawa. Ka ga ke nan Ruhu bai tsallake hankalin mutumin ba, malami ya aiko masa. Haka kuma da aka tambayi Yesu doka mafi girma, a Markus 12:30, ya haɗa hankali da zuciya da rai da ƙarfi cikin abubuwan da za mu ƙaunaci Allah da su.

Ai Bitrus da Yahaya ba masu ilimi ba ne.

Haka shugabannin Yahudawa suka gan su a Ayyukan Manzanni 4:13, don ba su yi makarantar malamai ba. Sai dai sun kwashe kimanin shekara uku suna ɗaukar darasi a gaban Yesu. Ranar Fentikos, Bitrus ya kawo nassi daga Yowel da Zabura ya fassara wa taro. Wanda bai san Littafi ba ba zai iya haka ba.

Ilimi ba ya kawo girman kai?

Yana kawowa, kuma wannan ne ya fi damuna. Bulus ya faɗa a 1 Korantiyawa 8:1 cewa ilimi kan kumbura mutum, ƙauna kuwa ita ke ginawa. Duk mun san wanda ya haddace ayoyi don ya ƙure 'yan'uwa a musu, amma gidansa ba lafiya. Irin wannan karatu bai ratsa rai ba. Duk da haka Bulus ɗin, wanda ya yi karatu a hannun Gamaliyel, babban malamin Yahudawa, yana kurkuku gab da mutuwarsa ya roƙi Timoti ya kawo masa littattafansa (2 Timoti 4:13).

Wanda bai je makarantar tauhidi ba fa?

Ya bi sawun mutanen garin Biriya. Manzo Bulus ne ya yi musu wa'azi, amma kullum sai sun bincika Nassi su ga ko haka abin yake, aka kuma yabe su a kan hakan. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka sha wahala a kai. Shawarata, maimakon tsintar aya ɗaya ɗaya a WhatsApp, ka ɗauki littafin Markus, surorinsa 16 ne kacal, ka karanta shi daga farko har ƙarshe. Inda ka kasa ganewa ka rubuta, ranar Lahadi ka kai wa fastonku.