Sanyaya Shagon Kafinta a Lokacin Bazara

Sanyaya shagon kafinta shi ne dabarun da ake bi a rage zafi a wurin aikin katako, musamman ƙaramin shago na gida: gareji, ko ɗakin da ke jikin zaure, ko rumfar kwano a ƙofar gida. A ƙasar Hausa abin ya fi tsanani a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Kano kan kai digiri 38 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, a Sakkwato da Yamai kuwa har ya zarce 40. Ba kafintan kaɗai zafin ke gallaba ba. Yana taɓa katako da gam da fenti da injuna.

Rufi

Mafi yawan zafin shago daga sama yake saukowa. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a ƙarshen Afrilu rana kan tsaya cak a tsakiyar kai. Da tsakar rana, idan gari ya washe, kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar kusan wat 1,000 na hasken rana. Shago mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5 ke nan yana ɗauke da kimanin kilowat 20 a kansa. Wani ɓangare na hasken yana komawa sama, sauran kuma kwano ya shanye, ya yi zafin da ya haura digiri 60, ya riƙa feso shi a kan duk wanda ke ƙasa. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya abin da take iya kwashewa bai wuce kilowat 2.5 da 'yan kai ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa kuɗin da aka kashe a rufi ya fi wanda aka kashe a na'ura riba.

Matakin farko shi ne silin, ko da na falawud mai arha ne, muddin an bar rata tsakaninsa da kwano. Kuskuren da aka fi yi shi ne a toshe ratar ruf. Iskar da ke ciki ta rasa mafita, ta gasu, da la'asar silin ɗin kansa ya fara tiriri. Ana bukatar ƙofofin iska a gefe da gefe, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye. Takarda mai ƙyalli ta alminiyom da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano tana mayar da zafi sosai, amma sai fuskarta mai ƙyallin tana kallon sarari, ba a manne ta da wani abu ba. Farin fenti a saman kwano shi ma yana taimakawa, sai dai ƙurar hunturu na dusashe shi, don haka a wanke rufin kafin bazara ta kama.

Magini Diébédo Francis Kéré ya yi amfani da wannan dabara a makarantar firamare ta Gando, a Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001: ya ɗaga kwano sama a kan ƙarafuna, nesa da silin na tubalin ƙasa, iska na ratsawa tsakani. Ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 2004. Tsohon soro na ƙasa da azara wata hanya yake bi. Kaurinsa ne ke jinkirta zafin har dare, shi ya sa zauren ƙasa ke da daɗin aiki da rana. Masu shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwano suna samun sauƙi na gaske, amma a wurin da ke cike da garin katako da tina (ruwan sirka fenti), wannan kasada ce ta gobara.

Bayan rufi sai bangon yamma, wanda rana ke duka daga azahar zuwa magariba. Rumfa ko darbejiya a wannan ɓangare ta wadatar.

Iska da ruwa

Iska mai zafi sama take yi. Shagon da ke da taga ƙasa-ƙasa a bango ɗaya da wata kusa da rufi a bangon da ke fuskantarsa yana jan iska da kansa ko babu wuta. Ginin bulo yana amfana idan an bar tagogi masu ƙarfe a buɗe da dare, a rufe na gefen rana da hantsi.

Fanka ba ta rage zafin ɗaki, gumi take busarwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da ita idan zafi bai kai digiri 40 ba, domin sama da haka tana ƙara wa jiki zafi ne. A shagon katako akwai kuma batun ƙura. Fankar sama tana tayar da garin katako ta watsa shi a ido da hanci da kan fentin da bai bushe ba. Wadda ta fi dacewa ita ce ta jikin bango mai zuƙo iska ta fitar waje, a kafa ta bayan injin yanka, yadda ƙura za ta yi nesa da fuskar mai aiki.

Ruwa idan yana tsanewa ya bi iska yana tafiya da zafi, kusan kilojul 2,400 a kowace lita. Abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan, kuma a kansa Mohammed Bah Abba, wani malami ɗan Najeriya, ya gina tukunyarsa ta cikin tukunya mai sanyaya kayan abinci, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Jiƙaƙƙen buhun algarara a taga, ko yayyafi a ƙasa, ko na'urar da ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, duk suna aiki a Maris da Afrilu, lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Daga ƙarshen Mayu, da iskar kudu maso yamma ta shigo da danshi, dabarar ta daina biya: ɗaki ya yi gumi, zarto da kurfi su fara tsatsa.

Abin da zafi ke yi wa kayan aiki

Katako yana shan danshi yana kuma fitar da shi har sai ya daidaita da iskar wurin. Inda laima take kashi 20 cikin 100, ruwan jikinsa kan sauka zuwa kashi 4 ko 5. Inda take 80, ya hau zuwa wajen 16. Motsin a faɗinsa yake, a tsawo kusan babu. Filankan da ake kawowa daga dazukan kudu zuwa kasuwa irin ta 'Yan Katako a Na'ibawa ta Kano sukan iso da sauran ruwa, in aka jingine su a rana sai su tsage a baki ko su kantare. Ana jera su a kwance cikin inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin filanki da filanki, kuma nesa da inda ake yayyafa ruwa. Ƙofar da aka yi daidai wa daida a Maris ita ce ke cijewa a Agusta, shi ya sa gwani ke barin 'yar rata.

Farin gam yana yin fata kafin a gama haɗa guntaye, haɗin ya zama na jeka-na-yi-ka. Fenti da banish kuma su bushe a sama alhali ƙasa da ɗanye, tabon burushi ya fito. Aikin gam da na feshi da sanyin safiya ake yin su. Gwangwanin tina a ajiye shi a rufe a ƙasa, nesa da kwano. Tsumman da ya sha man goge katako irin na linsid yana iya kamawa da wuta da kansa idan an cukuikuye shi a lungu, sai a shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa.

Yawancin injunan aiki masu amfani da lantarki an ƙera su ne bisa zafin wuri da bai wuce digiri 40 ba, kuma garin katako na toshe musu ramukan shan iska. Janareta wurinsa waje ne, saboda zafinsa da hayaƙinsa mai kisa. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda masu aikin katako a garejin gida a Amurka suka fi dogara da ita, tana son shago rufaffe mai silin da wuta tsayayya, ga matatarta da ƙura ke cikawa nan da nan.

Lafiyar mai aiki

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ce mai aiki cikin zafi ya sha kofi ɗaya na ruwa, kimanin mililita 240, duk minti 15 zuwa 20, kada ya jira ƙishirwa. Kafintoci da dama kan fara bayan asuba, su yi yanka da kankara kafin hantsi ya ɗaga, su huta daga azahar zuwa la'asar. Wannan tsari ya fi zama dole idan azumi ya faɗo a bazara, kamar na 2024, wanda a cikinsa zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali ranar 3 ga Afrilu. Gumi a tafin hannu da jiri kusa da zarton inji haɗari ne babba. Idan yaron shago ya fara ciwon kai da tashin zuciya, a kai shi inuwa a ba shi ruwa. In ya rikice yana sambatu ko ya suma, a kwara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.