Babatunde

Babatunde sunan namiji ne a harshen Yarbanci, ana sa shi a kudu maso yammacin Najeriya da kuma tsakanin Yarabawan Jamhuriyar Benin. Kalmomi uku ne aka haɗa: baba, wato uba, tun, wato sake, da de, wato zuwa. Ma'anarsa ke nan "baba ya dawo".

Ba kowane jariri ake raɗa wa sunan ba. A al'ada, yaron da aka haifa bayan rasuwar kakansa ko mahaifinsa ne ke cin sa, domin a tsohon addinin Yarabawa an yarda cewa dattijon da ya mutu yakan dawo cikin zuriyarsa ta jikin sabon jariri. Wannan imani shi suke kira atunwa. Yarabawa kan ce sai an dubi gida kafin a raɗa wa yaro suna, don haka mai jin harshen da ya ji Babatunde ya san an yi rashin babba a gidan gab da haihuwar. In mace ce aka haifa bayan rasuwar kaka, sai a ce Yetunde ko Iyabo. Babajide da Babatunji ma 'yan gida ɗaya ne da shi.

Bahaushe zai tuna da Abba da Babangida, sai dai waɗannan alkunya ce ta sakaya sunan uba. Babu batun dawowar mamaci a cikinsu.

Musulunci da Kiristanci ba su kori sunan ba, duk da cewa dukansu ba su yarda da atunwa ba. Ana haɗa shi da sunan addini kawai. Janar Babatunde Abdulbaki Idiagbon na Ilori, na biyun Buhari a mulkin soja har zuwa Agustan 1985, Musulmi ne, haka ma Babatunde Raji Fashola, gwamnan Legas daga 2007 zuwa 2015. Tunde (wato Babatunde) Bakare kuwa, wanda ya tsaya wa Buhari takarar mataimaki a 2011, fasto ne. A Amurka, makaɗi Babatunde Olatunji (1927–2003) na cikin waɗanda suka fito da sunan.

A bakin mutane an fi jin Tunde, amma ba duk Tunde ne Babatunde ba. Olatunde da Akintunde da Ayotunde duk haka ake taƙaita su.